Tsohuwa Mai Ƙoƙo a Mashayar Wendyam

A sabuwar mashayarsa da ke Wagadugu, Wendyam yana kallon wata tsohuwa da ta shigo ita kaɗai. Bai san ta ba. Zanenta ya koɗe, bayan hannayenta duk tabon ƙuna ne, irin na matan da suka ƙarar da ƙuruciya a bakin tukunyar burkutu. Wataƙila masu zuwa rumfarta ne suka ɗauke ƙafa, ta zo ganin abin da ya janye su.

Ya kawo mata giyar da yake dafawa da ganyen shayi, na'ana'a da citta. Ta ture kofin gilashin, ta zaro ɗan ƙoƙo daga ƙugunta, ta juye giyar a ciki, ta miƙa masa.

"Kaka, ai taki ce."

"Kai, wa ya rene ka? Mai dafawa ke fara kurɓa."

Ya kurɓa, kunya ta rufe shi. Ta karɓa, ta ɗiga kaɗan a ƙasa, rabon magabata. Amma daɓen tayil ne, ba ya shan ruwa. Ita kuwa tana ta kallon ɗigon nan a kwance.

Can ta kai ƙoƙon baki, ta lumshe ido.

"Kamar maganin zazzaɓi ya shafa turare," ta ce, ta ƙara kurɓa. "Ba laifi, jikana. Amma ka bar wa magabata ƙasa ko tafin hannu ce a bakin ƙofa. Su ma suna jin ƙishi."