Bishiyar Bakin Tafki Ta Sake Yin Ja

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Bishiyar bakin tafki ta sake yin ja, da ita nake ganewa. Ni Asabe ban yi boko ba. Surukata Rukayya ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, a gidanmu na Danau Kota cikin Kuala Lumpur. Na ce mata duk inda kuka ya ci ƙarfina ta dakata, amma kada ta gyara mini magana.

Kwalaye ne kewaye da mu. Ɗana Sanusi ya gama aikin koyarwar da ya riƙe shi a ƙasar nan, wata mai kamawa za su koma gida. Kowa ya ɗaure kayansa, saura ni. Malam yana kwance a ƙasar nan, kuma har yau ban buɗe baki na ce wa Sanusi zan bi su ba.

Malam manomi ne a ƙauyenmu na ƙasar Bichi. Bai taɓa rataya kalanda a ɗakinsa ba, itatuwa yake dubawa. In gawo ya fara kakkaɓe ganye, sai ya ce a fito da iri, ruwa yana hanya. In kuka ta tuɓe ta tsaya da rassa zalla, sai ya ce damina ta yi sallama, a gyara rumbu. Mu ma haka muka tashi. Ko mutuwa da lokacin gona muke tuna ta. Sai ka ji an ce wane ya rasu ana yankan gero, wance ta rasu ɗorawa tana fure. In lokacin ya zagayo, ba sai an tuna maka ba, idonka ma ya ishe ka.

Ciwon ƙoda ne ya kawo mu nan. Lokacin Sanusi yana karatu a jami'ar da ke Jalan Semarak, ya matsa sai an kawo mahaifinsa asibiti. Ranar da muka sauka, Malam ya leƙa ta tagar benen nan mai tsawo, ya ga ko'ina kore shar, ya ce, “Asabe, zo ki ga damina! Mutanen nan ai sun more.” Muka yi wata uku, ruwa bai ɗauke ba. Muka ƙara wasu, ganye yana nan yadda muka same shi. Sai murnar Malam ta koma damuwa.

Wata safiya ya ce, “Kai Sanusi, wai ƙasar nan ba ta hutawa ne? Yaushe kakarsu?”

Sanusi ya yi dariya ya ce, “Baba, nan babu rani babu kaka. Haka take shekara ta zagayo.”

“To da me suke sanin sun tsufa?”

“Da katin haihuwa, Baba.”

Malam ya ce, “Allah ya sawwaƙe. Ka kai ni in duba da idona.”

Da ma likita ya ce a riƙa fita da shi shan iska ranar da ba a yi masa wankin ƙoda. Sai muka shiga yawon lambuna duk Lahadi, a tasi, da keken marasa lafiya a naɗe a bayan mota. Mun je babban lambun nan na tsakiyar gari mai tsuntsaye da barewa. Mun je na Bukit Jalil mai tudu, inda Sanusi ya tura keken har rigarsa ta jiƙe. Mun je dajin Kepong, inda biri ya fizge mini ledar ayaba. Jama'a suna kallon furanni suna ɗaukar hoto, Malam kuwa gindin itatuwa yake kallo. Yakan ga ganye ɗai-ɗai a ƙasa, ya ɗaga kai ya ga bishiya cike, sai ya ce wannan ba zubar da ganye ba ne, gashi ne ya maƙale a mataji. Wani abokin karatun Sanusi ya gaya masa akwai ƙasashen sanyi da mutane ke hawa jirgi takanas don su je su kalli ganye ya yi ja ya zube. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce, “Da a gida na ji wannan labari, da na ce mahaukata ne. Ga shi yau na zama shugabansu.”

Wurin da ya fi kusa da mu shi muka bari a ƙarshe, wato tafkin Titiwangsa, don Sanusi ya ce babu komai a can sai masu gudun motsa jiki. Muna zagaya bakin ruwan Malam ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Wata bishiya ce mai rassa hawa-hawa kamar an jera faya-fayai, ganyenta faffaɗa ya fi tafin hannu. Mutanen nan suna ce mata ketapang. Rabin ganyen ya yi ja kamar lallen da ya kama da kyau, wani kuma ruwan goro, ƙarƙashinta duk ya rufe. Na ɗauko masa guda. Ya sansana, ya murje shi a hannu ya ji ƙarar bushewarsa, sai na ga hawaye a gemunsa. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ga mai gaskiya guda ɗaya a garin nan.”

Daga ranar ba mu sake zuwa wani lambu ba. Akwai benci daura da bishiyar, nan muke zama muna kallon ganye yana saukowa. Jikin Malam kuma yana ta ja baya. Wata rana Sanusi ya tafi sayo mana shayi, sai Malam ya ce, “Asabe, ni fa ba na jin zan ga gida.”

Na ce, “Haba Malam, wace irin magana ce wannan?”

Ya ce, “Saurara mana, ke kullum sai kin tari numfashin mutum. In ta Allah ta kasance, kada ki yi gaggawar tafiya. Yarinyar nan, matar Sanusi, cikinta ya tsufa, ba ta da uwa a nan. Ki zauna har bishiyar nan ta sake zubar da ganye, shekara ta zagayo ke nan. Sai ki koma ɗakinki. Kada ki wuce haka, awakinki ba su san Maleshiya ba.”

Bishiyar ba ta gama tuɓewa ba Allah ya karɓi abinsa. Ɗaliban Najeriya da mutanen masallacin unguwa suka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Musulmi bayan la'asar. Ban je ba, don mu a wurinmu mace ba ta bin gawa. Na ga matan ƙasar nan suna shiga maƙabarta ranar Sallah da furanni da butar ruwa, amma ni ƙafata ba ta saba ba, ta ƙi ɗaukata. Sanusi ne ke zuwa ya dawo ya gaya mini an share ciyawa. Saboda haka ni ba ni da wurin da nake gaida Malam sai bencin nan.

Takabar da na yi a benen nan ba na yi wa kowace mace fatan irinta. A gida da tsakar gida ta cika, wannan ta kawo fura, waccan ta zauna ta taya ki shiru. A nan matan ɗalibai ne suka riƙa zuwa, Allah ya saka musu, amma sai sun hau bas biyu, kuma dole su koma kafin yara su taso daga makaranta. In sun fita aka rufe ƙofa, babu abin da nake ji sai ruwan sama da ƙarar lif yana hawa yana sauka da mutanen da ba wurina za su zo ba. Cikin wannan hali Rukayya ta haifi Hanifa, na samu abin goyawa.

Bayan na fita takaba da ɗan lokaci na ce a kai ni bakin tafki. Na zata zan tarar da bishiyar kore. Muna shan kwana na hango ta ja wur, ganye a ƙasa, kamar ranar da muka fara ganinta. Ko wata bakwai ba a yi da rasuwar ba. Na zauna a kan ciyawa. Sanusi ya je ya tambaya, aka ce masa ai ita sau biyu take zubarwa a shekara. Malam bai sani ba. Da itatuwan gida ya auna ta, wanda duk ya tuɓe sai shekara ta dawo.

Na ce wa Sanusi, “Ka ga, lokaci bai yi ba. Shekara babanka ya ce.”

Ya ce, “Gaskiya ne, Inna.”

Da shekarar ta cika, bishiya ta sake ja, ya zo ya durƙusa ya ce, “Inna, in nema miki jirgi?”

Na ce, “Ai bishiya babanka ya ce mini. Ita kuwa ta riga ta zubar tun tuni ban tafi ba, lissafi ya rikice. Bari mu ga ta gaba.”

Ga Rukayya nan tana dariya tana share hawaye, don ta san haka na yi ta yi musu. In ta farko ta zo sai in ce ba ita Malam yake nufi ba. In ta biyu ta zo sai in ce Hanifa ba ta yi ƙwari ba. 'Yata da ke aure a Dambatta ta taɓa fashewa da kuka a waya ta ce, “Inna, wai tare aka binne ku da Baba ne?” Ban san yadda zan gaya mata cewa in na tafi, babu sauran wanda zai ga jan ganyen nan ya san na wane ne ba.

Har bas na koya hawa ni kaɗai, da launin gine-gine nake gane inda zan sauka. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar nan da ke zama a ɗaya gefen bencin. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Takan miƙo mini soyayyar ayaba ta ce “makan,” wato in ci. Na taɓa ba ta goro, ta ɓalla, ta yamutsa fuska, muka yi ta dariya. Wata rana ta nuna wurin da babu kowa a gefena. Na nuna sama. Ita ma ta dafa nata gefen, ta ɗaga hannu biyu alamar addu'a. Iyakar hirarmu ke nan a shekarun nan, kuma ta fi mini hira da yawa daɗi.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga Hanifa da aka haifa bayansa ta shiga makaranta, in na ce ta zo ta ci tuwo sai ta ce da salon maganar ƙasar nan, “Na ƙoshi lah, Inna,” ta jira babanta ya yo mata ƙunshi daga shagon mamak, wato wurin abincin Indiyawan ƙasar nan. Zai yi dariya ya ce an sauya masa jika a asibiti. Zai ga 'yan samarinmu sun cika Bukit Jalil, suna gaida tsoho a tsaye da waya a kunne, na san zai tare su ya tambayi wa ke yi wa ubanninsu noma. Zai yi mamaki waya ta kai har ƙauyenmu, ina jin muryar ƙanensa kamar yana bayan ƙofa. Ƙanen nan ne ya gaya mini kukar bakin gonarsa tana nan, amma gawon an sare shi. Wannan na san zai fi masa zafi da komai.

Ni kuma na san abin da zai ce mini, har muryar nake ji. Zai ce, “Asabe, na ce ki jira ganye sau ɗaya, ke kuma kin mai da shi sana'a. Ni ina kwance lafiya, ba gadi na ɗauke ki ba.”

Ran Lahadin da ta wuce muka je tare da Sanusi. Ya zauna inda mahaifinsa yake zama, ya ce, “Inna, takardar zamanki a jikin tawa take. Ko da ba haka ba, da wane ido zan shiga gari ba ke?” Sai na lura yana magana idonsa yana gindin bishiya, yana juya ganye da ƙafa, sak yadda Malam yake yi. Hanifa kuma ta rugo da ganye cike da hannu, wai ga ganyen Malam ta tsinto mini, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Na daɗe ina tunanin abin da ya rage na Malam. Gonar an raba, fartanyarsa wani ke noma da ita, rigunansa an bayar tun sadakar arba'in. Amma ya bar mutum biyu da ba sa wuce bishiya ba su duba ƙarƙashinta ba, kuma duk biyun jirgi za su hau. Abin da ba zai hau ba kabari ne da bishiya.

Shi ya sa na ce a rubuto muku. Ku Hausawan da za ku rage a garin nan, ɗalibai da matanku, da waɗanda za su zo bayanku, in kun je Titiwangsa shan iska kuka ga bishiya mai faffaɗan ganye ta yi ja a bakin ruwa, don Allah ku tsaya ku yi wa wani tsoho manomi addu'a. Kada ku tsaya tambayar ko ta farko ce ko ta biyu, ku yi masa duk biyun. Ni a gida sau ɗaya kukar gonarsa za ta riƙa tuna mini, ku kuwa an ba ku sau biyu. Sunansa ban taɓa faɗa da bakina ba, na ce Rukayya ta rubuta, ita ma ta ce hannunta ba zai iya rubuta sunan surukinta ba. To ku ce mijin Asabe. Allah ya san shi.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya masa makwanci, ya sa ruwan ƙasar nan da ba ya ɗaukewa ya zame masa rahama.

Rukayya, rubuta cewa wannan zubar ita ce wadda Malam yake nufi. In kin ajiye biron, ki kira mini mijinki, ki kuma miƙo mini kwali ɗaya.