Allon Bakin Garin Su Rabi

Abin da na fara gani da muka shiga ɗakin Rabi shi ne hoton wani titi mai faɗi wanda babu kowa a kansa. Ranar wata Laraba ce da yamma, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, kwana uku bayan ruwan farko na daminar. Rabi Ba'amurkiya ce da ta zo Matameye aikin lambu da matan unguwa, su ne kuma suka raɗa mata sunan don nata ya ƙi zama a bakinsu. Kakata, wadda muke kira Iya, ta ce in ɗauko kwanon fura in raka ta gaishe ta. Na zauna a gefen tabarma na dunƙule ƙafafuna, ina kallon bango, domin a lokacin ba na iya haɗa ido da baƙo.

Iya ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce, "Allah sarki, da rani aka ɗauka. Maza duk sun tafi nema." Mu haka muka sani. Ana gama yankan gero mazan unguwarmu ke ɗaure jaka su nufi Kano ko Katsina, a bar mata da tsofaffi da mu yara, da awaki da tulunan ruwa, har sai hadari ya fara haɗuwa a gabas su dawo shuka. Rabi ta yi murmushi, ta ce da Hausarta mai jan wasali, a garinsu babu cin rani, wanda ya tafi ya tafi ke nan.

Ta sauko da sauran hotunan ta shimfiɗa mana. Ta ce layin dogo ne ya kafa garin, manoma suka zo daga nesa suka zauna a gefensa suna noman masara da alkama. A zamanin kakanta akwai injin niƙa da kantuna da makaranta cike da yara. Daga baya manyan injinan noma suka shigo, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin da gida goma ke yi a da, samari suka watse birane, jirgin ma ya daina tsayawa. An rufe makarantar, 'yan yaran da suka rage mota ke kwasarsu zuwa wani gari. Na lura a hoton makarantar ciyawa ta fito tsakanin matakalan ƙofa, kuma igiyar lilo ɗaya ta tsinke ba a ɗaure ba.

Hoto na ƙarshe allo ne kore a bakin hanya, da sunan garin da lamba a ƙasa. Rabi ta ce yawan mutanen garin ke nan, duk bayan ƙidaya a canza shi, kuma tun tana yarinya lambar raguwa take yi. Iya ta ajiye ludayin hannunta. "Ke 'yar nan, ƙirga kanku kuka yi kuka kafa a hanya kowa na gani? To ai dole ku ƙare!" A gidanmu ba a ƙirga mutane. Ko an tambayi Iya jikokinta nawa, amsarta ɗaya ce, "Suna nan, alhamdu lillahi."

Rabi ta yi dariya, ni kuwa ban yi ba, don ina da wani sirri. Babana yana sayar da shayi a Kano, kuma shekarar nan bai dawo ba, ko saƙo babu. Tun kafin ruwa ya sauka nake ƙirga mazan layinmu. Na tara tsakuwa a gwangwanin tumatir a bayan rumbu, kowane mutum da tasa, wanda ya dawo in fitar da tasa. Gwangwanin ya yi ta raguwa har saura ɗaya. A hanyar gida ina ta ganin da hannuna na tsare Baba a Kano, yadda allo ya kori mutanen garin su Rabi.

Muna isa na zagaya bayan rumbu na watsar da tsakuwar cikin turken awaki. Na daina ƙirga komai, ko kaji in sun shiga akurki. A wasan carafke ma sai in ce hannuna na ciwo. Innata da ƙanin babana suka yi shukar, ni ina bin su ina zuba iri ina rufewa da diddige. Gero ya fara fitowa lokacin da Baba ya sauka daga mota da sanda a hannu. Tafasasshen ruwa ne ya zube masa a ƙafa, ya yi jinya, ya hana a faɗa mana. Kowa ya gode wa Allah, ni kaɗai na tabbata cewa daina ƙirgar ne ya sako shi.

Yau ni malama ce, kullum da safe sai na ƙirga yara na rubuta, kuma na san lamba ba ta korar kowa. Matameye ta cika ta batse, sai dai samarinmu yanzu har bayan hamada suke zuwa, damina ta zo ta wuce gonar wasunsu ba a taɓa ta ba. Idan na wuce irin gonakin nan, titin su Rabi nake tunowa.

Ranar da Rabi za ta koma ƙasarsu, mata sun cika tasha da ƙullin kuka da gyaɗa. Ban taɓa yi mata doguwar magana ba, amma na kutsa na ja bakin zanenta, ta sunkuyo. Na ce, "Anti Rabi, don Allah in kin je, ki ce su cire allon nan."