Neman Gafarar da Ya Ci Mini Aiki

Da aka ce za a rufe sashenmu a kamfanin kujeru, can ƙasar Turawa, ƙarshen wata, sai na yi abin da na tashi na ga manya suna yi. Tun da sauran kwanaki na bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, na ce duk wanda na ɓata wa ya yafe mini. Har ofishin shugabarmu na shiga, wata dattijuwar Baturiya, na roƙe ta gafara, na fito ina jin kaina cikakken ɗan halak. Ita kuwa ta ɗauka ajiye aiki na yi. Ranar Litinin katina na shiga kamfani ya ƙi buɗe ƙofa.

Hukuma ta hana ni kuɗin tallafin da ake ba wanda ya rasa aiki, wai da ƙafata na tafi. Ga matata da tsohon ciki, ga mai gidan da muke haya a High Point Road bai san a yi haƙuri ba. Na ji tsoro sosai.

Wani Alhaji ɗan Nijar mai kantin kayan abinci ya sa na ɗaukaka ƙara. Ta waya ake sauraro, don haka ya ba ni ɗakin bayan kantinsa, tsakanin buhunan shinkafa da warin daddawa. Ya ja mini kunne kada in tsaya gaishe-gaishe, kada kuma in kuskura in ba kowa haƙuri. Rabin 'yan unguwa suka taru a bakin ƙofa, kowa ya zama lauya. Ina kewar wannan ɗaki da mutanensa, yawancinsu yanzu sun watse.

Alƙalin ya saurari shugabar, sannan ya juyo kaina. Ya ce in ba barin aiki na yi ba, wane laifi na yi da nake neman gafara?

Na ce, “Ban sani ba. Shi ya sa ake nema. A wurinmu ba a rabuwa da mutum sai an yafi juna.”

Can sai shugabar ta ce ita kuskure ta yi, kuma in har yanzu ina so, ta yafe. Na ce ni ma na yafe. Alhaji ya dafe kai, ya tabbata na sake ɓata lamarin.

Amma alƙalin ya ce a biya ni kuɗin. Ba mu tashi daga gidan ba. A falon nan aka yi sunan 'yata.