Kunnen Kakata da Kaset ɗin 'Yar Mai Benga

Shekaranjiya na tsaya shan mai a unguwar Tiendpalogo, sai wata murya ta fito daga shagon mai gyaran waya ta iske ni a kan moto, wato babur ɗina. Kafin ta kai ƙarshen baitin farko na gane mai ita, na kuma gane waƙar: ita ce ta buɗe kaset ɗinta na fari. Mai zuba man yana gyaɗa kai yana bi. Ni kuwa, da girmana da jikokina, sai na ji bakina ya ce a fili, "Ga shi nan, ta yi gaggawa, ta haɗiye numfashi." Mutumin ya dube ni kamar wadda ta zare. Kada ka yi mamaki, mai karatu. Tun ban iya ɗaura zane ba nake kishin muryar nan, kuma har yau ban warke ba.

Gidanmu na Zongo babban gida ne, irin na masu saukar baƙi. Kakanninmu goro ya kawo su garin nan suka zauna, kuma ko a zamanin ƙuruciyata zaure ba ya rabuwa da 'yan Kano da dilolinsu na atamfa da shadda. In ka shigo, ƙamshin sabon yadi ne zai fara tarbarka, sannan na ɗanyen ganyen da ake naɗe goro. Ɗakin da ke bakin ƙofa kuwa wata mata ce 'yar ƙabilar Mosi take haya, Kirista, mijinta ya rasu a wata masana'anta a Kossodo. Benga take sayarwa, wato shinkafa da wake, kuma duk unguwar ba a san ta da wani suna ba sai mai benga. Tana da 'ya ɗaya, sa'ata. Tare muka yi rarrafe, kwano ɗaya muka ci, Hausarta ba ta da maraba da tawa. Ranar Lahadi kawai muke rabuwa, ta tafi coci, in zauna ina jiran ta dawo mu yi faɗa.

Kakata ta wajen uba zabiya ce a zamaninta. An ce a da biki ba ya amsa sunansa a Zongo in ba a ji ƙwaryarta ba. Da ta dawo daga Makka ta kife ƙwaryar, ta ce ta sallami waƙa. Guda ɗaya kawai ta rage, waƙar da uwarta ta zo da ita daga hanyar fatauci, wadda ake yi wa 'yar gidan ranar da za a kai ta ɗakin miji. Wannan ba ta taɓa yi wa bare ita ba. Ni kuma tun ina ƙarama na ƙudure a raina cewa ni ce magajiyarta, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da nake nema a duniya shi ne tsohuwar nan ta saurare ni ta ce na gaje ta.

Da damina, in ruwa ya ɗauke bayan la'asar, ƙasa tana tashin ƙamshi, mukan taru gindin dogon yaron tsakar gida mu yi gaɗa. Kaka tana kan buzunta da carbi, wai ba ta jin mu. Amma 'yar mai benga na ba da waƙa sai ka ga carbin ya tsaya. Ta kira ta, ta ce ta sake. Ta ce ta buɗe baki, ba da hanci ake waƙa ba. Ta ce wa ya kore ta da take gudu haka? Wata rana har kuka yarinyar take yi, tana "Yaaba, na gaji," don da Mosanci take kiranta kaka. Ni kuwa in na ba da tawa, sai Kaka ta yi murmushi ta ce madalla, ta ciro alewa daga bakin zane ta miƙo min. In koma gefe ina tsotsa ina yi wa waccan gwalo.

Haka muka girma. Na bar lakwal, makarantar boko, na shiga shagon babana na atamfa, ita kuma ta shiga mawaƙan cocinsu, har ta fara tsara nata waƙoƙin. Suka tashi daga gidanmu suka koma unguwar Dassasgho. Ana nan wata rana da bazara sai ga ta da kaset a hannu, da hotonta a jiki, ta durƙusa ta ajiye gaban Kaka. Baffana ya ɓata rai, ya ce waƙar coci a gidan alhazai? Kaka ta ce addinin yarinya yana wurinta, ita muryar da ta raina za ta duba, a sayo mata batir.

Gaskiya ɗaya ce, kaset ɗin nan na fari yana da abin da ba a saye da kuɗi. Murya ce da jita guda da tafi, ba wani tarkace, kuma in ta ɗaga sama sai tsikar jikinka ta tashi ko ba ka jin Mosanci. Na tsaya bayan ƙyaure ina ji, zuciyata kamar an zuba mata barkono. Amma da Kaka ta fara magana sai na ji sanyi. Ta ce waƙa ta farko an yi ta da gaggawa kamar mai tsoron a ƙwace mata. Ta ce uku na tsakiya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, da an bar guda an yar da biyu. Ta ce wadda aka yi da Hausa kalmominta sun fi ƙarfin karin, ana ta cusa su kamar kaya a buhun da ya cika. Ba ta yaba komai ba sai waƙar ƙarshe, ita ma cewa ta yi, "Wannan ba laifi." Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Na biyu ya fito bayan 'yan shekaru, kuma shi ne ya ɗaga ta. Ko ina ka bi a garin nan shi ake sawa, a kasuwa, a taksi, har a shagunan Musulmi. An sa mata kayan kiɗa na zamani, da 'yan amshi rututu. Kaka ta ji gefe ɗaya ta ce a juya, ta ji ɗayan, sannan ta ce miya ta yi yawa har ba a ganin tuwon. Ta ce duk inda yarinyar ta ji tsoron muryarta sai ta ɓuya bayan ganga. Amma akwai waƙa ɗaya da ta yi wa mahaifinta, tana tambayar Ubangiji abin da ya sa ya ɗauke shi ba ta san fuskarsa ba. A nan aka kashe kiɗan duka. Kaka ta sa aka maimaita mata ita har batir ya yi sanyi, kuma na ga tana share ido da gefen mayafi. Duk da haka da mai waƙar ta zo gaisuwa, kuskuren kawai ta lissafa mata.

A lokacin ne na yi suɓul da baka gaban goggona, wadda ta yi wa Kaka amshi shekara da shekaru. Na ce ai ni Kaka ba ta taɓa kama ni da kuskure ba. Goggo tana tankaɗe, ta tsaya ta dube ni da tausayi. Ta ce a zamanin ƙwarya, in yarinya ta zo neman shiga cikinsu, Kaka takan sa ta yi waƙa. Wadda za a ɗauka, tun ranar ake fara yi mata tatas, ba ta ƙara jin yabo sai dai a bayan idonta. Wadda ba za a ɗauka ba, sai a ce mata madalla, a ba ta goro, a raka ta ƙofa da mutunci. Goggo ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuwa duk alewar da na sha tun ina yarinya ta dawo min a wuya. Tun daga ranar kishina ya sake kama: da ina kishin muryarta, yanzu faɗan da ake yi mata nake kishi.

Sai kaset na uku ya fito, ana saura 'yan watanni bikina. A shago na fara jin sa. Ya fi na baya nutsuwa, an rage hayaniya, kalmomin sun zauna daram. Da aka zo waƙa ta huɗu sai almakashi ya faɗi daga hannuna. Karin waƙar gidanmu ne, ta kai amarya, wadda 'yar mai benga ta sha ji tana laɓe a bukukuwan yayyena. Ta cire kalmomin fatake ta sa nata, na makiyayi da tumakinsa. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da kuɗina na sayi kaset ɗin, na rufe shago da rana tsaka na nufi gida, ina ta tsara yadda Kaka za ta tsine mata.

Gidan ya hautsine. Baffa yana cewa an kai gadon gidanmu coci, mata suna salati, har baƙin zaure suka leƙo. Kaka ta saurara har waƙar ta ƙare. Ta ce a mayar baya. Ta sake ji, idonta a rufe. Sannan ta buɗe ido ta ce, "Ta yanke numfashi a gaɓa ta uku. Ba a nan ake yankewa ba. A kira min ita."

Ban san lokacin da na durƙusa gabanta ba. Na ce ga ni, jininta, na iya waƙar nan tun daga kai har ƙafa, ta saurare ni. Na rera ta duka, da kalmominta na asali, ban yanke numfashi ko'ina ba sai inda take yankewa. Da na gama na ce, "Kaka, don Allah yau ki faɗa min kuskurena."

Ta dube ni. Ta ce, "Babu. Yadda nake yi haka kika yi, har 'yar shaƙewar da tsufa ya sa min kin ɗauko. To me zan gyara, jikalle? In kaina nake son ji, ai ina da baki. Waccan ta ɓata, amma ɓatawar tata ce." Sannan ta ce tunda ni ce mai moto, in je Dassasgho in ɗauko ta.

Na je. Ba wanda yake ƙin aiken Kaka. Na goyo ta a bayana muka ratsa gari, tana riƙe da kafaɗata tana tambayata ko Yaaba ta yi fushi, ni kuwa sai ƙara wa moton wuta nake yi. Da muka iso ta faɗi tana neman gafara, ta ce karin ne ya ƙi barin kanta. Kaka ta ce ta tashi, ba kuka aka kira ta yi ba. Suka shiga ɗaki aka saki labule. Ina zaune a dokin ƙofa na ji Hajiyar da ta sallami waƙa tana rera gaɓa ta uku, yarinyar tana bi, ana tsayar da ita, ana sakewa, har aka kira magariba. Irin wannan zaman na yi ta roƙon Allah ya ba ni tun ina 'yar ƙarama.

Kafin bikina sanyin ƙirji ya kama Kaka, muryarta ta dushe, ko sallama sai an matso ake ji. Aka shiga tunanin wa zai yi waƙar kai amarya. Goggo ta ce za ta gwada, Kaka ta girgiza kai. Baffa ya yi ta faɗa har ya gaji, tsohuwa ta ce in ba wadda ta zaɓa ba, to a kai ni shiru. Ranar da za a fita da ni, ina lulluɓe, lalle yana ƙamshi a hannuna, sai na ji muryar nan ta tashi a kaina. 'Yar mai benga ce, da kalmomin kakannina, na jakuna da huhun goro da uwa mai jiran dawowa, ba ta canza ko ɗaya ba. Mata suka yi ta sheshsheƙa. Ni ma na yi kuka har mayafina ya jiƙe, ana ta lallashina wai haka aure yake, kowa da haka ta bar gida. Ba barin gida nake wa kuka ba. Ina ƙarƙashin mayafi na kasa kunne ina jiran gaɓa ta uku, ina fatan ta yanke numfashi. Ba ta yanke ba.

Yau gidan nan babu shi. An rushe unguwar an yi benaye, danginmu sun watsu a bayan gari, Kaka ta daɗe da kwanta dama. Kaset ma ya zama tarihi, a waya ake jin komai. Ita kuwa tana nan tana fitar da waƙoƙi, kuma ba faifan da ya fito ban nema na ji ba. Na huɗu ya yi tsawo, na biyar ta koma ɓuya bayan kiɗa, na bayan nan muryar ta fara gajiya amma kalmomin sun fi na kullum nauyi. Duk ina ji, ina sanin inda ta faɗi da inda ta tashi, don in ban gaji bakin Kaka ba na gaji kunnenta. Mukan haɗu a wajen suna ko ta'aziyya, ta rungume ni ta ce 'yar'uwa, in ce 'yar'uwa. 'Ya'yana kuwa tanti suke kiranta, wato inna.

Da babbar 'yata za ta yi aure na ce zan yi mata waƙar gidanmu. Na tara mata a tsakar gida, na gyara murya na fara. Ban kai rabin baitin farko ba ƙawayen amarya suka ɗauka da murna, Musulminsu da Kiristansu, suna tafi suna bi da kalmomin makiyayi da tumaki. 'Yar tawa ta ɗaga mayafi ta dube ni tana dariya cikin hawaye, ta ce, "Mama, ashe ke ma kin iya waƙar tanti?"