Taro na Uku: Shekara Tara Bayan Tankari

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Tankari makwancinsa a nan Dogon Dutsi. Duk shekara nakan sa a yi masa addu'a a masallacin unguwa, in koma gareji in ci gaba da aikina. Bana kuwa abin ya zo mini da nauyi, don a makon ne ɗiyarsa Rabi ta sauke injin ban ruwanta a ƙofata daga Dumega, ta ce albasarta ta kwana uku ba ta sha ruwa ba.

Mun fi shekara ashirin a rumfa ɗaya ni da shi, muna gyaran injin niƙa da na ban ruwa da babura. Abin da ya yi suna a kai shi ne yanka haƙori a ramin noti. Idan noti ya cinye haƙoran raminsa, yana juyawa ba ya kamawa, sai a faɗaɗa ramin kaɗan, a murza wani ƙarfe mai kaifi da muke kira taro ya yanka sababbi. Ramin da ya ɓulle ta baya kowa na iyawa. Mai gindi, wanda bai ɓulle ba, shi ne tashin hankali. Ido ba ya ganin ƙasansa, garin ƙarfe ba shi da mafita, shi kuma taro duk taurinsa gautsi gare shi. Ya taɓa ƙasa ka ƙara murzawa, sai ka ji ƙas.

Taro uku ake bi da bi. Na fari mai tsini, na biyu ya bi sawunsa, na uku mai shafaffen baki shi ke sauka har gindi. Tankari ba ya farawa sai ya zare tsinke daga tsintsiya ya zura a ramin, ya sa farce ya yi alama, ya ɗaura zare a jikin taro daidai wurin. Sannan murza rabi, koma baya kaɗan, fitar, busa ramin da bututun biro. Mai inji ya yi ta duba rana, shi ko a jikinsa.

Ni kam mai gaggawa ne, ba na ɓoyewa. Wata shekara ana jibi Sallah wani mutumin Ɗan Kassari ya kawo injin niƙa, mata na can suna jiransa da hatsi. Tankari ya tafi masallaci, na ce kafin ya dawo na gama. Ban auna ba, ban busa ba. Taro na uku ya karye a ciki, daidai da bakin ramin. Ya dawo ya duba ramin. Ya juya ya gaya wa mutumin cewa hannunsa ne ya zame. Kwana uku yana tsintar guntun nan da ɗan ƙarfe mai tsini, matan garin suka yi dakan Sallah a turmi suna ambaton sunansa, ba da alheri ba.

Tun daga ranar muka raba aiki ba tare da mun yi magana ba. Ni na fari da na biyu, shi na uku. Da ya rasu na naɗe na ukun a tsumma mai mai na ajiye. Shekara tara duk wanda ya kawo rami mai gindi sai in ce ya kai Dosso, wai ba ni da kayan aiki. Ƙarya ce, tsoro nake ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake yi yanzu. Samari na ɗaura taro a injin huda mai batir su danna, ya shiga ko ya karye. Wasu su cika ramin da gam su tura noti, ya riƙe kwana biyu. Masu shagunan bakin titi kuwa amsarsu guda ce, a sayi sabo. Ba na jin zai yi faɗa, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne, na tabbata da ya sayi injin hudar. Sai dai zai tambaye su wa ya ji gindin ramin, tunda batir ba ya ji.

Na duba injin Rabi. Ɗaya daga ramukan da ke riƙe kan injin ne ya cinye, ƙarfen mai taushi, ƙarƙashinsa kuma gidan mai ne. A faɗaɗa shi sau ɗaya, babu na biyu. Mijinta yana ci-rani, lambun nan shi ne abincin 'ya'yanta huɗu, Dosso kuwa kafin a je a dawo albasa ta ƙone. Na fara jera mata uzurin da na saba, sai ta katse ni.

"Baba, kayan tsohona suna wurinka. In ba kai ba, wa zan kai ma wanga aiki?"

Na jawo injin, na faɗaɗa ramin kaɗan. Na zari tsinke na auna har sau uku, na ɗaura zare a jikin taro. Na fari ya wuce, na biyu ya wuce. Na kwance tsumman, na ɗiga kananzir, na sa na uku. Murza rabi, koma baya. Wallahi gumi har cikin idona. Saura murza biyu zare ya kai baki sai na ji taro ya yi nauyi. Zuciyar nan tawa ta dā ta ce ƙarasa mana, ɗan kaɗan ya rage. Na tsaya. Na fitar da shi na busa, sai ga garin ƙarfe ya cika mini gemu. Na mayar, ya sauka lafiya har zare ya taɓa baki, na ji gindin a tafin hannuna.

Kafin ta hau babur da injin na gaya mata maganar Ɗan Kassari, cewa ni na karya taron, ubanta ya ɗauki laifin. Ta yi murmushi ta ce ai sun sani tun suna yara. Wai a gida ya faɗa musu, ya ce kada wanda ya tayar mini da ita, ranar da na daina gaggawa zan yi na uku da kaina.

Tankari bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a jikin allo ba. Abin da ya bari ya shiga tsumma ɗaya, sauran yana hannuna, kuma hannun ya fara rawa, idona ya fara hazo, ban ga wanda ya zo ya ce a koya masa ba. Wannan ke damuna fiye da komai. Allah ya ji ƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Bayan la'asar Rabi ta kira ni a waya. Ina ɗauka sai ta kai wayar bakin tiyo. Na zauna a kan benci ina jin ruwa na zuba cikin albasa, na kasa kashe wayar.