Babi Shida da Malama Maiturare Ta Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2008, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Rakiya Ilyasu a asibiti a Gwagwalada, bayan jinyar kwana tara. Shekarunta arba'in da bakwai. Ina aji a lokacin, ban sani ba. Sai da na dawo gida mahaifiyata ta ce in ajiye jaka in zauna, sannan ta faɗa mini.

Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin da malami ya ba mu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na karanta abin da manya suka rubuta a kanki a jarida, Malama, kuma ban gane matar da suke magana a kai ba.

Ga wanda bai san ki ba, ƙyanda ce ta ɗauke miki gani kina shekara shida. Kin yi karatu, kin sami aikin haɗa kiran waya a wata ma'aikata a nan Abuja, kin shekara goma sha huɗu a kai. Da wayar hannu ta shigo gari, kowane oga ya sa tasa a aljihu, sai aka bar ki da injin da ba mai kira. Kin taɓa gaya mana cewa kin yi wata uku kina zuwa ofis kina sauraron fanka. A cikin wannan zaman ne kika yi tunanin yara makafi da aka zuba a makarantun masu gani, ga malami, ga allo, amma babu littafi ko ɗaya da za su iya karantawa. Sai kika nemi wani ɗan ɗaki a Gwagwalada, da rikoda biyu, kika fara tara 'yan sa-kai duk Asabar muna karanta littattafan makaranta cikin kaset. Yaran ne suka sa miki suna Maiturare, domin kafin ki yi sallama sun riga sun san kin shigo.

Ba ki taɓa miƙa wa sabon shiga rikoda ba. Duk wadda ta zo sai ki haɗa ta da wata da ta riga ta a aikin, ki ce ga yayarki nan, wata uku za ku yi tare. Yaya tana riƙe da littafi iri ɗaya, tana bin layi da yatsa, ko waƙafi aka tsallake sai ta ƙwanƙwasa tebur. In wata uku ya cika, ke da kanki za ki saurari kaset ɗin ƙanwar daga farko har ƙarshe. In kin gamsu, ita ma ta zama yayar wata. Tawa yayar ita ce Anti Rita, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda ta girmi mahaifiyata.

Ranar da na fara zuwa, muryata ko ni ba na jin ta sosai. Na ɗauka za ki sallame ni. Sai kika matsar da kujerarki can ƙarshen ɗaki, bakin ƙofa, kika ce, "Nazifa, ni tsohuwa ce kuma na yi nisa. Taimake ni." Haka kika riƙa ja da baya kowane mako, har wata Asabar na ɗaga kai na gan ki zaune a waje ƙarƙashin mangwaro, kina gyaɗa kai.

Abin da ya fi wuya a aikin shi ne zane. Dokarki ita ce, in an zo kan zane, mai karatu za ta siffanta shi da baki, yayarta kuma ta rufe nata littafin, ta ɗauki fensir, ta zana abin da ta ji kawai. In zanen bai yi kama da na littafi ba, a goge kaset a sake. Na tuna ranar da na siffanta ƙodar mutum. Anti Rita ta zana wani abu, ta duba, ta fashe da dariya, ta ce miki dankalin Bature ne ya fito da wutsiya. Kika ce, "To wannan ƙodar ko akuya aka ba ba za ta karɓa ba. A sake." Sau goma sha ɗaya muka sake. Na yi kuka a mota wajen komawa gida, amma ba ki taɓa sa na ji ni sakarya ce ba.

Littafin da muke kai shi ne na Bayoloji, saboda Lucia Ishaya, 'yar wani manomin doya daga bayan Gwagwalada, wadda ke ajin ƙarshe. Ita kaɗai ce makauniya a makarantarsu, kuma ba ta taɓa sauka ƙasa da ta biyar a aji ba. Za ta zauna jarrabawar fita sakandare a watan Mayu. Ranar da kika kwanta asibiti saura babi shida, kuma su ne masu yawan zane: ido, kunne, ƙwaƙwalwa da sauransu. Mijinki ya ce har a gadon asibiti kina tambaya ko an yi na kunne.

Yanzu na zo kan abin da mahaifiyata ta ce kada in rubuta. Na roƙe ta gafara.

Ɗakinmu yana da kwamitin iyaye, shugabansa Dakta Tawfiq, darakta a wata ma'aikata. A kusan wata uku da na yi ina zuwa, sau ɗaya na gan shi. Ya zo da mota biyu, bai zauna ba. Ya gaishe ki da ihu kamar kunnenki ne ya lalace, sannan ya juya ga 'yarki Nabila ya ce, "Tambaye ta ko tana bukatar wani abu." Kina tsaye a gabansa. Kika ce, "Ranka ya daɗe, tana bukatar batir." Bai aiko ba.

Shi ne ya zo ranar addu'ar uku da masu ɗaukar hoto. Ya yi jawabi a ƙofar gidanku, ya kira ki fitila, ya kira ki uwa, ya goge ido da hankici a daidai lokacin da kyamara ta juyo. Da ya ji labarin babi shidan nan, sai ya yi alkawari a gaban jama'a cewa kafin addu'ar bakwai an gama su don girmama ki. Mu da muka san babi ɗaya yana cin Asabar biyu muka dubi juna. Ba a tambaye mu ba. Aka aiko direba ya kwashe littafin da rikoda biyun, aka raba shafukan ga ma'aikatan ofishinsa. Shi kansa ya karanta babin kunne, aka nuna shi a talabijin da tabarau a kan hanci.

Ranar bakwai aka kawo kaset shida cikin kwali mai kintinkiri, kowanne da hotonki da sunanki a manne. Aka tsayar da Lucia, aka miƙa mata, aka ce ta sake karɓa domin mai hoto bai shirya ba. Aka tafa.

Asabar ta gaba muka tarar da ɗakin a kulle, wai za a yi masa fenti a sa masa sunanki. Muna tsaye sai ga Lucia da sandarta, da kaset ɗin cikin leda. Ta ce, "Anti Rita, wannan oga yana ta ce mini in duba, in duba. Zan duba da me? Kaset ɗin duka haka suke. Teburin bayanai na cikin littafin ma ba su karanta ba, sun tsallake shi kamar kwata." Tana faɗa tana dariya. Muka saurara a motar Anti Rita. A babi ɗaya kawai mun ƙirga "duba zanen da ke ƙasa" sau goma sha bakwai. A wani kaset ɗin ana jin mai karatun ya tsaya ya amsa waya, ya yi cinikin fili a Kubwa, sannan ya ci gaba daga wani shafi daban.

Malama, wannan suka manna wa hotonki.

Ranar Litinin bayan makaranta muka je ofishin Dakta Tawfiq, ni da Anti Rita. Mun yi awa biyu a ɗakin jira mai sanyi kamar firji. Da aka shigar da mu, Anti Rita ta yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce ai an riga an ƙaddamar, ya fito a labarai, yarinya ta yi haƙuri ta yi amfani da tunaninta. Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, amma duk ta gudu. Abin da na iya kawai shi ne na ajiye farar takarda da fensir a kan teburinsa, na kunna ƙaramin rediyon da muka zo da shi, na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka zana mana kunnen." Ya ɗauki fensir ɗin yana murmushi. Muryarsa ta fito daga kaset, ta ce a duba zanen da ke ƙasa. Ya dubi takardar. Ya ajiye fensir, ya tambayi Anti Rita ko ni 'yar wace ce, sannan ya ce yana da taro. Da muka tambayi rikoda, ya ce an ajiye su don bikin sa suna.

Ba na jin haushin cewa ba su iya ba. Ni ma ban iya ba ranar da na zo. Abin da na raina shi ne, a cikinsu duka, masu digiri biyu da uku, ba a sami ko ɗaya da ya ga ya dace ya zauna kusa da wata tsohuwar nas ya ce koya mini ba. Kuma ba wanda ya tambayi Lucia komai, banda ta matso kusa da kwalin.

Ga inda muke yanzu, domin na san shi za ki fara tambaya. Mijinki, Malam Ilyasu, ya ba mu rediyonki na ɗaki, mai cin kaset. Wani malamin su Lucia ya ara mana littafi. Muna aiki a falon Anti Rita, Asabar da Lahadi da yammacin Laraba, muna dakatawa duk lokacin da maƙwabcinta ya tayar da janareto. Mun ɓare hotunanki daga kaset ɗin nan shida, Nabila ta adana su, muna ɗaukar sabon karatu a kan nasu. An gama babi biyu. Saura huɗu, saura mako biyar. Anti Christiana, ɗaya daga cikin yayyen ɗakinmu, da ƙanwarta a aikin sun ɗauki biyu, ni da Anti Rita biyu.

Ba ki kai ga sauraron kaset ɗina na ƙarshe ba, don haka ban san ko za ki ce na isa ba. Muka rasa wanda zai zauna a matsayinki, sai Anti Rita ta ce ai mai littafin tana nan. Yanzu Lucia ce ke saurara ta yanke hukunci, kuma wallahi ta fi ki tsanani. Sau uku ta dawo mini da babin kunne. Jiya, a na huɗu, ta kama tafin hannuna ta bi da yatsa: ga ƙofar kunne, ga dodon kunne, ga ƙananan ƙasusuwa uku, ga abin nan mai naɗi kamar katantanwa. Duk a inda suke. Ta saki hannuna ta ce, "Ya yi. Kawo na gaba."

Allah Ya jiƙan ki, Malama. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk kalmar da wani yaro ya ji ta dalilinki ta zama sadaka mai gudana a gare ki. Allah Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki, Ya nuna miki a can abin da ba ki gani a nan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ilyasu, da 'ya'yanki Nabila da Lukmanu, da 'yan'uwanki na nesa da na kusa, da Anti Rita da duk yayye da ƙannen ɗakinmu, da Lucia da sauran yara goma sha ɗaya da ke jiran littattafansu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, amin.

Kwamiti kuwa ban yi musu ta'aziyya ba, domin ba su yi rashin kowa ba.

Nazifa Lawal Ɗan'auta
Abuja, Afrilu 2008