Launin da Baba Ya Bar Mini

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Yamai, nesa da garin da aka binne cibiyarsa. Mutumin Bangaladash ne. Aikin koyar da noman shinkafa ya kawo shi bakin kogi wajen Tondibia, ya auri Inna, ƴar Damagaram, bai sake komawa ba.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne sunan da yaran unguwar Lazaret suka laƙaba masa: Anasara, wato Bature. A gidansu, in ji shi, shi ne baƙi a cikin ƴaƴa. Ƙannensa har da masu hasken madara, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma dangi ba sa ɓoye wanda suka fi so. Ya ƙetare teku yana baƙi, ya sauka a nan ya wayi gari fari.

Yayata Hadiza ta fito jajir, gashi har kafaɗa. Ni kuwa na zo baƙa wuluk, na ma fi Inna duhu. Tun ranar sunana, mata suka fara ƙus-ƙus wai ni ba ɗiyar Baba ba ce. Inna ta daina zuwa biki, ta rame. Da maganar ta kai kunnen Baba, bai yi faɗa da kowa ba. Ya ɗora ni a wuya ya shiga Babbar Kasuwa, rumfa-rumfa, yana cewa da Hausarsa mai karkata: "Alhaji, ka ga ɗiyata? Ni ta ɗauko. A ƙasarmu ciki ɗaya yana haifar dare da rana." Inna ta ce daga ranar ta sake iya cin abinci.

Yanzu ɗana Nasiru yana karatun likita a jami'a. Shi ya zaunar da ni ya ce, "Mama, launin fata ba daga ƙwayar gado ɗaya yake zuwa ba. Suna da yawa, kowane ɗa da rabon da yake ɗiba." Ya ce mutanen Bangal, yankin su Baba, jini ne da ya gauraya tun zamanin da, daga yamma, daga gabas, da waɗanda aka tarar a ƙasar, shi ya sa gida ɗaya ke fitar da launi iri-iri. Ina saurare ina tunanin Baba. Da yana raye ya ji, na san zai tafa hannu ya ce a sake maimaita masa a gaban Inna. Amma da ya ga yadda ƴan matanmu ke layi wajen masu man ƙara haske, zai kau da kai, kamar yadda yake yi in ya tuna gida.

Bara Nasiru ya lalubo dangin Baba ta salula. Aka kira mu ta bidiyo, aka miƙa wa wata tsohuwa, ƙanwar Baba ce. Ta kalle ni, ta dafe baki, ta fashe da kuka tana ta maimaita kalma ɗaya. Jikanta ya fassara: "Uwarsu take kira, ita da Babanki. Ta ce fuskarki tata ce, har launin."

Baba bai taɓa gaya mini ba. Wataƙila kewar ta fi ƙarfin bakinsa. Bai bar mana gida ko gona ba, harshensa ma kalmomi kaɗan na riƙe. Amma duk sanda na yi alwala na dubi hannuwana, sai in yi addu'a ga mutum biyu: shi, da matar da ban taɓa gani ba, wadda ya rayu yana kallo a fuskata.